Koren Ganyen Bakin Rijiyar Ɗanzomo

Daga: Safara'u Sajo, Unguwar Gabas, Ɗanzomo
Ta hannun: Barau Ishaƙ, ɗan ƙanenta
9 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga:
Mai Girma Jami'in Gandun Daji da Shuke-shuke,
Gumel.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FULAWAR DA AKA DASA A BAKIN SABUWAR RIJIYA

Bayan gaisuwa da ladabi, ina rubuto wannan takarda a madadin gwaggona Safara'u, wadda ba ta karatun boko, kuma ta hana ni tashi sai na rubuta.

1. A daminar 1971 masu aikin sabuwar rijiya suka dasa wata fulawa kewaye da kwamin shayar da dabbobi, saboda nan ne kaɗai ƙasa ke da danshi. Dogon ganye gare ta da jan fure, ba ta kaɗewa rani da damina. Ba mu san sunanta ba. Gwaggo ma ta yaba kyanta a lokacin.

2. Da can ko akuya ba ta kallonta. Amma ranka ya daɗe ya san yadda daminar bara ta yi mana. Yau daga nan har hanyar Maigatari babu wani koren abu sai ita, kuma dabba mai yunwa ba ta zaɓe.

3. Fari ya bar wa Gwaggo awaki uku. Ran 2 ga Maris ɗaya ta ci ganyen, ta dawo tana rawar jiki da dalala, kafin la'asar ta mutu. Ran 20 ga Maris ɗin ta biyu ta bi ta, ko yankawa ba a samu yi ba. Maƙwabta ma sun yi asarar tumaki haka.

4. Saura jar akuya guda. Ranka ya daɗe, a nan maganar take. 'Yar Gwaggo, Mariyamu, ta rasu da ƙaramar salla ta bar jariri, Ilu. Matan unguwa masu shayarwa nasu nonon ma bai ishi 'ya'yansu ba. Nonon akuyar nan shi ne abincin yaron, ba shi da wani.

5. Yanzu Gwaggo ta ɗaure ta a cikin ɗakinta, tana raba ruwan shanta da ita. Harawa ta ƙare, dusa ta ƙare, nonon kullum raguwa yake. In ta sake ta, bakin rijiya za ta nufa kai tsaye. In ta ci gaba da ɗaurewa, nonon zai ƙafe. Tsohuwar nan ta daina barci, wallahi ina jin tsoron abin da zan tarar kowace safiya.

6. Sau biyu ta roƙi mai gadin rijiya a sare fulawar. Ya ce kayan hukuma ne, wanda ya taɓa sai gaban alƙali, shi ma umarni aka ba shi.

Saboda haka muna roƙon ranka ya daɗe ya ba da izni a tumɓuke ta, saiwa da ganye, a binne nesa da gari. Gwaggo ba ta ƙi a ƙawata rijiya ba. Ta ce wajen kwami mai danshi a sa lalle, yana fure, yana ƙanshi, ba ya kashe dabba, kuma daga na gidanta za ta ba da iri. Gefen yashi kuwa a kafa itacen dashi, wanda ba ya neman ban-ruwa.

Ba ta neman diyyar awakinta, ta bar wa Allah. Sai dai ta ce in rubuta, ko da ban so ba, cewa idan Juma'a mai zuwa ta wuce ba amsa, za ta ɗauki gatarinta ta je ta sare fulawar da rana tsaka, ba a ɓoye ba. Roƙonta ɗaya: duk wanda aka turo ya kama ta, a haɗo shi da wanda ya iya tatsar akuya, don Ilu yana sha sau huɗu a yini.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba mu da idon rahama.

Mai biyayya,
Safara'u Sajo (dangwalen yatsa)
Barau Ishaƙ, marubuci