Kantar hannuna

Laraba da dare, farkon damina

Yau Malam Ishaku, mai kaɗa gita a cocinmu, ya koya mini sautin da ake yi kafin a ce Amin. Ana ɗora ƙaramin yatsa a kan siririyar tsirkiya, sai sautin ya tsaya kamar mai jiran amsa. Sai an ɗage yatsan yake sauka.

Ni kuwa ina dannawa nake ɗagewa. Ya ce, "Ɗanjuma, saurin me kake yi? Bar shi ya jira mana."

Ban gaya masa zafi nake ji ba. Tsirkiyar yanka ni take yi, ni da a da nake ɗaukar garwashi da yatsu. Tun da 'yan bindiga suka raba mu da gonarmu ta wajen Damari ban riƙe fartanya ba, kantar hannuna duk ta zube. Ɗazu na daɗe ina kallon hannuna, sumul kamar ba nawa ba.

An yi ruwa da yamma. Yanzu ƙasar can ta jiƙa, babu mai shuka.

Malam ya ce in na dage sabuwar kanta za ta fito mini a kan yatsu. Ni ta tafin hannu nake so.