Yadda Habibu Ya Raba Iskarsa a Ƙasan Ruwa

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya yara? Mu nan unguwar Hulme lafiya lau.

Tun da aka rufe wurin ninƙayar unguwarmu, ɗana Habibu yake zuwa Birmingham koyon nutso da tukunyar iska. Kullum yana ƙorafi: "Mama, abu ɗaya ake ta maimaita mana, wai ka ba abokinka iska."

Ranar Asabar, can ƙasan wani tafki, iskar abokinsa ta ɗauke. Habibu ya miƙa masa bututun iskarsa, suka taso tare a hankali. Da Habibu ya dawo gida ya ce min, "Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi."

Yaya, har yanzu in yana cin abinci sai in tsaya ina kallon hannun nan. Ikon Allah.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Hadiza