Rigar Ɗan Madam Vera

Alhamis, Catford, bayan isha'i

Burodin dai na riga na cinye shi tas, ba yadda zan yi.

Madam Vera, tsohuwar da muke shara tare a asibiti a Marylebone, ta dawo daga ƙasarsu Moldova jiya. Kowa ta ba shi alawa da ɗan cokalin katako, irin waɗanda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Ni kuwa ta ja ni gefe ta ba ni burodi mai kitso, tawul, kyandir, da farar riga mai aikin jan zare a wuya. Na ce lallai ni ɗan gata ne. Wa ke mayar da tsaraba?

Yau da safe a jirgin ƙasa, Lina 'yar ƙasarsu da muke aiki tare ta ga rigar a jikina, ta ce:

"Sani, wannan ba tsaraba ba ce, sadakar mamaci ce. Ana neman mai tsayinsa da shekarunsa a ba shi, don kayan su isa ga mamacin can lahira. Ɗanta ne ya rasu."

Duk karance-karancena ban taɓa cin karo da wannan ba. Na shirya abin da zan yaɓa wa Madam Vera: ni ba gidan waya ba ne tsakaninta da kabari.

Da muka haɗu a asibiti, kafin in buɗe baki ta gyara min wuyan rigar. Idonta a kaina, amma ba da ni take ba: "Yanzu ka daina jin sanyi."

Rigar ta zauna min cif, kamar an auna ni. Ga ta can rataye a bayan ƙofa, na kasa juya mata baya. Kuma gobe tsohuwar za ta duba ko na sa.