Cinawuyan Malam Iro

New Bell, Duwala, ranar Litinin

Zuwa ga Rahinatu, 'yar ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ki sani da hannuna na rubuta wannan, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Tun da na kammala ajin yaƙi da jahilci na daina zancen ilimi a waya, domin maganar waya iska ce. Ki amsa da takarda ta hannun mai benskin ɗin nan, wato ɗan acaɓan da ya kawo miki wannan.

Jiya a rumfata, gaban abokan ciniki, kika ce ɗan tsuntsun da ruwan sama ya kayar, wanda nake jinya a kwando, ba kifi yake ci ba. Jama'a suka yi dariya. Ni Iro, ɗan Sarkawan Yawuri masunta, mai sayar da bandar kifi, a koya mini cinawuya, tsuntsun kamun kifi! To, ga yadda na rarraba su. Akwai mai baƙi da fari wanda ke tsayawa cak a iska kafin ya faɗa ruwa. Akwai wani ƙato mai yawan kwarmato. Na uku shi ne nawa, ƙarami, bai fi ƙwan kaza ba, bayansa shuɗi, bakinsa ja kamar mashi. Allah ba ya ba bawa mashi ya tura shi noma. Dukansu masunta ne, gado suka yi.

Gaskiya ne yana tofar da kifin da nake ba shi, amma wannan baƙunta ce.

Kawunki,
Malam Iro, mai binciken tsuntsaye

Cité des Palmiers, ranar Talata

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Ka yi haƙuri, ban faɗa don in kunyata ka ba. A biro ɗinmu, wato ofishin kula da dazuzzuka, kullum muna aiki a kan tsuntsayen nan. Ƙananan masu jan baki ba iri ɗaya ba ne. Na bakin ruwa yana da tukku, yakan miƙe shi in ya tsorata. Na cikin ciyawa ba shi da tukku, kuma kumatunsa suna da ɗan launin shunayya. Abincinsa fara ne da gizo-gizo da shinge, garar nan mai fukafukai.

Vraiment, da gaske nake, Kawu, ka hura masa gashin kai ka duba. Ɗan mitsitsin abu irin wannan ba ya jure yunwa. In ka ci gaba da ɗura masa kifi, gawa za ka raɗa wa suna.

A gaida maiɗakinka, Inna Zinariya.

'Yarka,
Rahinatu

New Bell, ranar Alhamis

Zuwa ga Rahinatu,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta ta da kaina har ƙarshe. Na hura, babu tukku. Amma ba kowane malami ke naɗa rawani ba. Launin kumatun kuwa ƙujewar faɗuwa ce.

Yanzu albishirinki. Tsuntsu ya murmure, yana tsalle a kwando, har ya sare ni a yatsa. Kifin da nake ajiye masa da safe, kafin in dawo daga kasuwa babu ko ƙaya. Ina ilimin biro yake?

Saboda haka ranar Asabar bayan Azahar zan kai shi bakin ruwa a Sodiko, gaban Isma'il mai goro da duk wanda ya yi dariya. Zan cilla shi sama da ruwan, ya faɗa ya ɗauko kifi, kowa ya shaida. Sunana na sa a kan wannan magana, ba zan janye ba.

Kawunki,
Malam Iro

Cité des Palmiers, ranar Juma'a

Kawu,

Ina gaisuwa. Kafin ka tara jama'a, ka tambayi Inna Zinariya inda take kai shingen da take tarawa bayan ruwan sama, ka kuma dubi yadda kyanwar gidanku ta yi ƙiba. Ta ce kada in faɗa, amma dole.

Don Allah kada ka cilla shi ruwa, fukafukinsa bai yi ƙwari ba. Ka buɗe kwandon inda akwai ciyawa.

Rahinatu

New Bell, ranar Lahadi

Rahinatu,

Bayan gaisuwa, ban tambayi kowa ba. Bincike ba ya tafiya da tsegumin cikin gida.

Mun je Sodiko. Na tsaya wajen ciyawa, saboda santsin gaɓa ne kawai. Na buɗe kwando. Ya dubi ruwa, ya juya masa baya, ya faɗa ciyawa, ya fito da fara a baki. Isma'il ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ban janye ko harafi ɗaya ba. Na dai ƙara kashi na huɗu: cinawuya haifaffen Duwala, irinku, mai bakin kakanninsa amma ya manta sana'arsu. Ki sanar da biro ɗinku cewa ni na gano shi.

Juma'a ki zo cin abinci. Kifi ne, kuma sai kin ci.

Kawunki,
Malam Iro, mai binciken tsuntsaye