Waƙar da Inna Ke Yi a Bakin Turmi

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki, ya maigida, ya yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Samaru lafiya lau, sai ɓacin rai.

Ƙaninmu Sadiƙu ya ci amanarmu. Shekaranjiya na hau Keke zuwa kasuwar Sabon Gari, direba ya kunna sabuwar waƙar da Sadiƙu ya yi wa wani fim. Yaya, waƙar Inna ce, wadda take rerawa in tana daka tun rasuwar Baba! Ya ɗora mata kiɗa, ya cire sunan Baba ya sa "masoyiyata". Da na kira shi, wai ai ɗaukaka waƙar ya yi. Mara kunya!

Jiya maƙwabta suka kunna ta, Inna tana tsakar daka. Ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki. Yau ta yi dakanta, amma ba ta rera waƙar ba.

Ki kira shi, ke kaɗai yake shakka. Ki gaida yara, ki taya mu addu'a Allah Ya sa mu sake jin muryar Inna.

Ƙanwarki,
Binta