Mama, Ba a Wanke Taliyar Japan

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na san kina hutawa a wurin da babu ciwo. Mu ma muna nan lafiya a Kafanchan.

Mama, yau ina koya wa 'yan matan ajina yadda ake wanke acca, sai dariya ta kama ni a gaban allo. Ke na tuna.

Kin tuna shekarar da Yaya Bitrus ya dawo daga kwas ɗin reluwe a Japan? Ya kawo miki tsarabar kofi biyu masu murfin takarda, da busasshiyar taliya a ciki. Kafin ya dawo daga gaida Fasto, kin riga kin juye ɗaya a ƙwarya. Kika ga wani gari-gari a ciki, kika ce yashi ne. Kika wanke ta yadda kike wanke acca, ruwa bayan ruwa, sannan kika ɗora a wuta har ta koma kamar kunu.

Duk muka yi dariya, ban da ke. Matar da ba a taɓa tauna tsakuwa a tuwonta ba, yau 'ya'yanta ke mata dariya a bakin murhu. Kika ce, "Abincin da ba a wanke ba, ba ya shiga bakin 'ya'yana." Kika ɗauki kofi na biyu kika jefa a akwati.

Da damina ta zo, ciwo ya kwantar da ke. Kika ƙi kunu, kika ƙi faten acca. Likita ya ce in ba ki ci ba, maganin ba zai yi aiki ba. Na gwada duk abin da na iya, kina juya fuska bango.

Sai na buɗe akwatin nan, na ciro kofin. Na yi yadda Yaya ya nuna mini. Na ɗaga murfin rabi kawai. Na zuba tafasasshen ruwa daidai layin da ke cikin kofin, ban wuce ba. Na mayar da murfin, na danne da cokali. Minti uku ake jira, mu kuwa ba mu da agogo, sai na rera miki waƙar zumuntar mata da kike so. Ƙamshi ya cika ɗakin. Na ga kin juyo.

Na buɗe, na gauraya. Kika harare ni, kika ce, "Saratu, ba ki wanke ba." Na miƙa miki cokali.

Kin ci, Mama. Kin shanye har romon. Kika share baki, kika ce, "Ashe yashin nan shi ne miyar." Daga ranar bakinki ya buɗe, Allah kuma ya bar mana ke har kika goyi ɗan Yaya Bitrus.

Kofin yana nan. Da shi nake awon acca, kamar yadda kika mayar da shi ma'auni. Kin wanke shi tas, wannan kam ban hana ki ba.

Ubangiji ya riƙe ki cikin salamarsa, ya ba mu sake saduwa a teburinsa. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Saratu