Ƙofar Baya ta Tsohon Jirgi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Allah Ya raya mana ita. Mu ma da sauƙi, sai dai ƙafar Umma da har yanzu take damunta.

Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kin tuna tsohon jirgin nan mara inji da aka ajiye a ƙarshen filin jirgi, wanda 'yan kwana-kwana ke koyon aiki a ciki, makullinsa na hannun Baba? Shekara guda ke nan, in na kai wa Baba abinci, sai in zare makullin daga rigarsa da ke rataye, in jingina tsani, in shiga ta ƙofar baya. Kusa da taga nake zama ina karanta littattafan soyayyar da kika bar mini. Abokan tafiyata buhunan yashi ne masu siffar mutane, an ɗaure su a kujeru. Har gaishe su nake yi.

Talatar can suka zo atisaye ban sani ba, suka cika jirgin da hayaƙi. Wallahi da farko zamana na yi, wai ina jiran wani dogo a cikinsu mai tabo a gira ya zo ya sungume ni kamar a littafi. Da hayaƙin ya shaƙe ni sai na gudu ta baya, na janye tsanin don kar a gane, ƙofar kuwa na bar ta a buɗe. Shi ɗin ne ya biyo bango yana lalube, ya faɗo. Ƙugunsa ya karye. Likita ya ce ko ya tashi, ba shi ba aikin nan.

An dakatar da Baba. Ya ce wa shugabansu shi ya manta bai kulle ba, alhali kin san Baba, ƙofar gida ma sau uku yake dubawa. Ranar Litinin za a yanke masa hukunci. Duk ya rame, amma jiya ni yake tambaya wai me ya sa na daina karatu.

Ki gaida maigida da surukarki, ki sumbatar mini 'yar lukutar.

Ƙanwarki,
Auta

Na so in roƙe ki ki gaya wa Baba a madadina, amma kafin wasiƙar nan ta iso ki Litinin ta wuce. Ga shi can a ƙofar ɗaki yana goge takalmin aikinsa, shi zai kai wasiƙar wurin direban da zai kawo miki ita. Ba zan liƙe ambulan ɗin ba. Zan miƙa masa, in ce ya karanta tukuna.